Akwatin da Kika Bari a Kunne

Ranar Talata, sha bakwai ga Satumba na 2024, cikin watan Mauludi, da hantsi, Allah ya karɓi ran ɗiyata ta fari, Balkisa, matar Abdurrazak mai hatsi, nan Filinge, bayan zazzaɓin da bai cika mako guda ba. Shekarunta talatin da biyar. Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Na faɗi haka a bakin gadonta, na faɗa a maƙabarta, ina kuma faɗa yanzu da nake riƙe da alƙalami.

Ni ne Manzo, wanda garin nan yake kira Mushe Manzo saboda shekara talatin da huɗu da na yi ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami mushe. Na rubuta ta'aziyyar abokai, na rubuta ta malamaina, kullum ina zaton tawa ce ta gaba, kuma ke ce za ki buga ta a kwamfutarki ki gyara mini kurakurai. Ga shi ni na rage ina rubuta taki. Da ke nake magana, ko da yake na san ba ki ji.

Sunanki na rubuta shi sau ba adadi, a takardar haihuwa, a rajistar aji, a takardar aurenki, amma bakina bai taɓa furta shi ba. Haka muka tarar a ƙasar Kurfai: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa gaban mutane, ba ya yabonsa, ba ya tsayawa kallon fuskarsa. Uwa ma haka, har ta fi. Shi ya sa da aka yaye ki aka kai ki garin Damana wurin yayata Bintu, ita ta goya ki har kika isa shiga lakwal. Da kika dawo, "ke" nake ce miki. Shekarar da kika faɗo ajina, in ina kiran suna da safe na iso kanki, sai in ɗaga kai in gan ki zaune, in sa alama, in wuce. Yara suna dariya, ke kuma ki sunkuyar da kai kina murmushi. Na ɗauka wannan ladabi ne, har ina taƙama da shi a zuciyata.

Da kika gama karatu a Yamai ba ki zauna can ba, ko da yake an so riƙe ki. Kin dawo kika buɗe ɗan shago kusa da tasha, kina buga wa mutane takardu, kina gyaran kwamfuta da salula. Abin da kike yi a shagon nan ba daga bakinki nake ji ba, daga bakin mutane ne. Wata ranar kasuwa wata tsohuwa daga Tondikandia ta tsayar da ni a hanya ta riƙe mini hannun riga. Salularta ce ta faɗa cikin guga, kuma a ciki akwai hoton ɗanta guda ɗaya tak, wanda ya tafi cin rani shekara shida bai dawo ba. Ta ce kin rufe shago tun azahar kina fama da abin, har kika ciro hoton, kika buga shi a takarda mai ƙarfi, kika naɗe mata a leda saboda ruwa, sannan kika raka ta har bakin mota. Ta ce, "Mushe, Allah ya ba ka ɗiya." Na ce mata Allah ya shirya su baki ɗaya, na janye hannun rigata na tafi. Ban taɓa gaya miki na ji wannan labari ba.

Ni kuma kin san haukana. Tun 1987 nake yawo da rakoda a ƙauyuka in an yi hutu, ina ɗaukar muryar tsofaffi: shekarun yunwa, wanda ya haƙa wace rijiya, waƙoƙin da mata suke yi a bakin turmi, yadda iyakar gonaki ta tashi. Kaset ɗari biyu da goma sha biyu na tara, kuma masu maganar kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Mutanen gida suna ganin tarkace ne. Ke kaɗai kika zo wata rana kika ce, "Baba, kaset yana mutuwa kamar mai maganar cikinsa. Bari in kwashe maka su."

Kika kawo wani baƙin akwati da bai fi tukunyar miya girma ba, kika aje shi a ɗakin siminti da ke jikin zaure. Yana da gurbi huɗu, kowane gurbi yana ɗaukar diski guda, wato ƙarfen nan mai kama da ƙaramin littafi da ake zuba bayanai a cikinsa. Uku kika cika, ɗaya kika bari fanko. Kika haɗa shi da ƙaramar na'urar wifi, ta yadda ina zaune ƙarƙashin dogon yaro a tsakar gida sai in buɗe salulata in saurari tsohon da ya rasu shekara ashirin. Kin bayyana mini cewa akwatin ba ya aje abu a diski guda, rarraba shi yake yi a kan duka ukun, don in ɗaya ya mutu sauran biyun su iya tayar da abin da ya ɓata. Saboda wutar gari ba ta da tabbas, kika sa allon sola a saman ɗaki da batir babba a gefen akwatin. Shekara biyu kina zuwa bayan la'asar kina kwashe kaset ɗaya ko biyu, ni ina zaune a kujera ina gaya miki sunan ƙauye da shekara.

Wata rana kina cikin aikin, abin saurare a kunnenki, na ga kin yi dariya ke kaɗai. Kika ce, "Baba, akwai kaset da na ji kaina a ciki. Lamba sittin da uku, na Damana. Ina 'yar shekara biyar." Na ce, "To." Ban ce ki kunna mini ba. Na so in ji, wallahi na so, amma kunya ta hana ni, na ce a raina wata rana in ba kowa zan saurara. Ba abin da na tuna game da kaset ɗin sai cewa hirar Baba Sani mai haƙar rijiya ce.

Sai ga damanar bana. A tsakiyar Agusta aka yi kwana biyu ana ruwa, bangon ɗakin karatuna na laka ya zauna da safe. Kaset ɗin da kika riga kika kwashe suna cikin kwalaye a ƙasa, laka ta cinye su, ko ɗaya bai tsira ba, har da na sittin da uku. Daga ranar, muryoyin nan ba su da wani gida a duniya sai baƙin akwatin. Guda talatin da takwas da ba ki kai gare su ba suna cikin adakar ƙarfe, sun sha damshi, kuma cikin mako guda fumfuna ta fara fito musu. Dole a kwashe su da sauri. Amma akwatin ya cika maƙil, ba wurin aje ko waƙa guda. Kika ce sai an ƙara diski na huɗu.

Nan wahalar ta fara, kuma ina rubuta ta daki-daki domin kwanakin nan su ne na ƙarshe da na zauna kusa da ke. Kamal, abokin karatunki da ke aiki a Yamai, shi ya aiko da diski a motar haya. Kika sa, akwatin ya gan shi amma ya ƙi karɓa. Kika ciro kika karanta rubutun bayansa, ashe mai shagon ya naɗo wani daban, bai kai na cikin girma ba. Kika ce mini akwatin ba ya haɗa sabon diski da tsofaffin sai ya kai girmansu ko ya fi. Aka mayar, muka yi kwana biyar muna jira, ni kuma kullum ina buɗe adaka ina shinshina kaset ina tsaki.

Na biyun ya zo, na hannu ne, amma girmansa daidai. Kika tura shi cikin gurbin, fitilar gurbin ba ta kama ba, kamar ba a sa kome ba. Kika ciro kika sake sawa, shiru. Kika duba ƙusoshin da suka riƙe shi a jikin farantinsa, daidai suke. Ni har na fara cewa an sake cutar mu. Kika kashe akwatin, kika kunna fitilar salularki kika leƙa cikin gurbin, sai na ji kin yi dariyar nan taki. Zanzaro ne ya shiga gurbin a kwana biyar ɗin da muka bar shi a buɗe ya gina ɗakinsa na laka can ƙurya, daidai inda bakin diski yake haɗuwa da akwatin. Kika ciro tsinke daga tsintsiyar mahaifiyarki Mas'uda, kika yi ta ƙwaƙule lakar a hankali, kika share da buroshi. Da kika mayar, fitila ta kama.

Na ce madalla, mu fara. Sai akwatin ya fito da gargaɗi a fuskar kwamfutarki cewa akwai kayan wani a cikin diskin, kuma in aka haɗa shi za a share su duka, ba dawowa. Na ce ki danna mana. Kika ce, "Baba, kayan mutum ne." Kika ciro shi, kika jona a kwamfutarki, kika tarar da hotunan suna da na aure na wani gida da ba mu sani ba, da kundin kammala karatu na wata ɗaliba mai koyon aikin ungozoma. A shafin farko akwai lambar waya. Kika kira. Ashe an sace mata kwamfuta wata biyar da suka wuce, ta riga ta fidda rai, tana shirin sake rubuta aikin shekara guda daga farko. Ina jin kukanta ta cikin wayar daga inda nake zaune. Kwana uku kika yi kina kwashe mata kayanta kina neman direban da za ki amince ya kai mata. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, a kwana ukun nan fushi nake yi. Na ce kina yi wa baƙuwa hidima kaset ɗina suna ruɓa. Kika ce, "Yi haƙuri, Baba," kika ci gaba da abin da kike yi.

Ranar Asabar, sha huɗu ga wata, kika ce kome ya daidaita, amma kina da magana. Kika bayyana mini cewa in aka fara, akwatin zai kwashe duk abin da ke kan diski uku ya sake shimfiɗa shi a kan huɗu, aikin kusan mako guda, kuma a tsakanin nan yana kamar rumbun da aka cire wa rufi: in wuta ta yanke farat ɗaya, ana iya rasa kome. Kika ce, "Da son samu ne, sai mun yi kwafi na biyu a wani wuri kafin mu taɓa. Mu jira mako biyu Kamal ya samo mana wani." Na ce mako biyu fumfuna ta gama da ni. Na ɗaga murya, ina tunawa. Kika ce, "To, Baba."

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar nan, cikin zafin Satumba, lulluɓe kike da mayafi mai kauri. Sau biyu ƙusa ta kuɓuce miki ta faɗi ƙasa, ni na duƙa na tsinto miki, ina cewa a raina yau yarinyar nan ba ta da natsuwa. Da aikin ya fara, na ɗora tafin hannuna a kan akwatin na ce miki ya yi zafi, kika jawo ƙaramar fanka kika saita masa. Na ji zafin ƙarfe, na damu, na yi magana. Ke kina zaune taku ɗaya daga gare ni, jikinki yana ci da wuta tun ranar Alhamis, ban ɗora hannu a goshinki ba, ban ma kalli idonki ba. Mahaifiyarki ta kawo miki kunu ta aje ta fita, ita ma ba ta tambaya ba. Abdurrazak yana ƙauye sayen hatsi. Mu biyu da muka haife ki muna gidan, kunya ta rufe mana ido.

Kafin ki tafi kika rufe hanyar shiga akwatin don kada kowa ya dame shi, kika rubuta takarda kika manna a bango: "Kada a kashe. Kada a jona kome a batir. Ko ya yi tambaya kada a danna, a kira ni. In fitila ta daina ƙiftawa ta koma kore, ya gama." Lahadi kika zo kika duba, ba ki daɗe ba. Litinin Abdurrazak ya kai ki asibiti, ba ki iya tsayuwa. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma zazzaɓin ya riga ya hau kai. Talata da hantsi kika cika. Da muka dawo daga maƙabarta na shiga ɗakin, kwamfutarki tana buɗe inda kika bar ta, ta nuna aikin ya kai kashi arba'in da ɗaya cikin ɗari. Fitilar tana ta ƙiftawa, rawaya.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mutane suka yi ta zuwa, na gari suna cewa sannu da haƙuri, Zabarmawan Damana suna cewa fonda tilas, ni ina amsawa. Ban yi kuka ba, domin uba ba ya yi wa ɗan fari kuka a gaban jama'a, kuma ko da an ba ni dama ban san ta inda zan fara ba. Abin da nake yi shi ne, in na ga sarari sai in tashi kamar zan kama ruwa, in shiga ɗakin in tsaya gaban fitilar. Aiki ne da hannunki ya fara bai ƙare ba, kuma muddin tana ƙiftawa ina jin kamar ba ki gama tafiya ba. A cikinsa kuma akwai lamba sittin da uku, wanda ban saurara ba.

Ranar sadakar uku, Alhamis, hadari ya rufe gari tun asuba, wutar gari ta tafi, allon sola ba ya samun rana. Wajen azahar ina zaune tsakanin malamai ana addu'a, na ji wani ƙara siriri yana fitowa daga ɗakin, ƙarar da batir yake yi in ya kusa ƙarewa. Na tashi a tsakiyar addu'a, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Na tarar da ƙofar a buɗe. Matan Damana sun kwana biyu a hanya da zaman makoki, salulolinsu sun mutu, kuma Yaya Bintu ta san cewa duk baƙon da ya zo gidan nan ke kike karɓar salularsa ki jona masa a ɗakin. Sai ta yi abin da kika saba yi. Ta jona doguwar wayar nan mai bakuna da yawa a jikin batir, salula tara da fitilun caji biyu suna rataye, ga babbar fanka an kunna wa tsofaffin da ke kwance a ƙasa. Ba wadda ta iya karanta takardar bango a cikinsu.

Ban yi sallama ba. Na fizge wayar, saluloli suka zube a siminti, na kashe fankar a kan tsofaffin mata baƙi da suka zo yi mini gaisuwa. Na san girman abin da na yi. Yaya Bintu ta miƙe, idonta ya kumbura da kukan kwana uku, ta ce, "Manzo, Balkisa tana cikin ƙasa, ko hawaye guda ba ka zubar mata ba, amma kana gadin wanga ƙarfe kamar shi ka haifa. Ni na goya ta. Ni na san mi na rasa." Batir yana ta ƙara. Na san rabin maganarta gaskiya ce.

Abdurrazak ne ya shigo bayana. Ya ga takardar a bango, ya gane rubutunki, ya tsaya ya karanta ta har ƙarshe yana motsa leɓe. Sannan ya kira Kamal. Kamal ya ce a rufe kwamfutarki ita ma, a kashe wifi, a bar akwatin shi kaɗai a kan batir, amma ko da haka ba zai kai la'asar ba in rana ba ta fito ba. Mijinki, wanda bai ci abin kirki ba tun Litinin, ya fita da ƙafa cikin yayyafi, ya je ya aro ɗan injin wuta wurin wani tela maƙwabcin shagonki, ya turo shi a baro. Ya kai shi bayan gida don ƙararsa kada ta dami masu addu'a, ya ja waya ta taga zuwa batir, ya kuma tattara salulolin baƙi ya jona musu can, yana ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya a madadina. Ƙarar batir ta tsaya. Fitilar ba ta mutu ba. Yaya Bintu kuwa ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata, kuma na ji ana cewa a tsakar gida Mushe ya zare.

Asabar da hantsi, mako guda cif da fara aikin, na shiga na tarar fitilar ta daina ƙiftawa. Kore ce, duka huɗun. Na juya don in gaya miki, sai na tuna. Na zauna a kujerar da kike zama na daɗe kafin in kira Abdurrazak. Kamal ya yi ta gaya masa abin da zai danna ta waya har hanyar shiga ta buɗe. Kome yana nan, ba abin da ya ɓata. Na ce a kira mini Yaya Bintu da Mas'uda. Yaya ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba. Na ce wa Abdurrazak ya nemo lamba sittin da uku.

Muryar Baba Sani ta fito, yana ba da labarin rijiyar da suka haƙa gaba talatin ba su ga ruwa ba. Ana jin kaji, ana jin daka daga nesa. Sai aka ji takun ƙananan ƙafafu, tsohon ya katse maganarsa ya ce, "A'a, wagga ɗiya fa, ta wa ce?" Aka yi shiru a kaset ɗin, kuma shiruna ne. Sai wata 'yar murya, a fili, ba tsoro, ta ce, "Ni Balkisa ce. Wannan babana ne." Sai muryata, ta saurayi mai ji da kansa, ta ce, "Ke, je ki waje." Aka ji takun yana nisa. Tsohon ya yi dariya ya ce, "Mushe, taka ce?" Na ce, "Ɗiyar Bintu ce." Daga nan muka koma maganar rijiya.

Wannan ne kika ji kika yi dariya. Shekara talatin kina ɗauke da wannan amsa tawa, kin ji ta da kunnenki kina yarinya ko kin ji ta a kaset kina babba, kuma ba ki fasa zuwa bayan la'asar kina kwashe mini muryoyin tsofaffin wasu ba. Yaya Bintu ta zame ta zauna a bakin ƙofa. Mas'uda ta rufe fuska da gyale. Ni kuma na ji bakina ya buɗe da kansa, na ce wa Baba Sani da ya rasu tun tuni, na ce wa ɗakin, na ce wa duk wanda ke ji, "Tawa ce. Ɗiyata ce. Balkisa." Muryata ta fashe a kan sunan, domin harshena bai saba da shi ba. Sannan na yi kukan da Yaya ta nema, a gaban surukina, ban ji kunyar kowa ba.

Wurin da na matsa miki ki buɗe yana nan fanko a cikin akwatin. Kaset talatin da takwas suna cikin adaka. Abdurrazak ya ce zai koyi kwashe su, Kamal ya ce zai zo da diskin da za a yi kwafi na biyu, wanda kika roƙe ni in jira na ƙi. Zan bar su su yi, don aikinki ne. Amma da za a ba ni zaɓi, da na bar fumfuna ta cinye su duka a ba ni Asabar ɗin nan guda, in ɗauke hannuna daga kan ƙarfe in ɗora a goshinki. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun gaya mini, ni ma na gaya wa wasu. Zuciyata dai ta karye, kuma ba na ɓoyewa.

Ina yi wa Abdurrazak ta'aziyya, wanda ya rasa matarsa ya kuma rufa mini asiri a ranar da na kunyata kaina. Ɗana, ga 'ya'yanku Nasiba da Hasana. Nasiba ce ta fari, ka kira ta da sunanta tana ji, ka duba idonta in ta yi shiru. Ina yi wa Yaya Bintu ta'aziyya, uwar da ta goya ta, ina kuma roƙon gafararta da ta matan Damana. Ina yi wa Mas'uda, wadda muka yi wannan shirun tare, da ƙannen Balkisa, Latifa da Bashir, da Kamal, da duk wanda ya taɓa shiga shagon nan da damuwa ya fito da sauƙi.

Ya Allah, baiwarka ta tsare amanar mutanen da ba ta sani ba, ka tsare ta a kabarinta. Ka yalwata mata shi, ka sanyaya shi, ka haskaka shi, ka sa zazzaɓin da ta sha ya zama kankarar zunubi. Ka yafe mata, ka yafe wa ubanta. Ka raya abin da ta bari, ka ba mu haƙurin da ba mu da shi. Ka sada mu da ita a Aljanna Firdausi, kuma ranar da za a tambayi ta wa ce, ka ba ni ikon amsawa tun kafin ta buɗe baki.

Allah ya jiƙanki, Balkisa, ɗiyata.